Jawabin Maraba Ga Mai Girma Shugaban Jami'a Daga Ɗaliban Kimiyya Hausawa a Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Shugaban Jami'a, malamanmu, iyayenmu mazauna Jidda da Makka, 'yan uwa ɗalibai. Ranka ya daɗe, barka da sauka, Allah ya karɓi Umrarka. Gajiyar ɗawafi da sa'ayi ba ta sake ka ba, ka taso ka zauna da mu. Mun gode.

Bari mu gabatar maka da aikin da ya zaunar da mu a ƙasar nan.

Akwai ƙwayoyin sinadari masu siffar zobe, waɗanda raminsu ke kama ƙaramin sinadari ya riƙe. Binciken irinsu ne ya samo wa masana kimiyya Pedersen da Cram da Lehn kyautar Nobel a 1987. Wanda ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne saikulodestirin, zoben gulukos 6 ko 7 ko 8 da ake samu daga sitaci. Ana sa shi a magunguna domin maganin da ba ya narkewa a ruwa ya narke. Sai dai ba shi da launi, ba ya ƙyalli, don haka auna shi yakan buƙaci injina masu tsada.

A nan girafin ke da amfani. Shimfiɗar kabon ce mai kaurin atom ɗaya, wadda masana Geim da Novoselov suka ɓare daga girafait (baƙin ma'adinin da ke cikin fensir) a Manchester a 2004. Mukan zuba rini mai ƙyalli a kan girafin oksayid, wato girafin da aka haɗa da oksijin. Da rinin ya manne masa, sai haskensa ya mutu. In akwai zoben a cikin ruwan da ake aunawa, sai ya ja rinin cikin raminsa, ya raba shi da girafin, hasken ya dawo. Ƙarfin hasken ke nuna yawan zoben. Inda ake shan wuya shi ne samun rinin da ya dace da ramin, ga kuma furotin na jini da kan ture rinin in a jini ake aunawa, ya haifar da hasken ƙarya. A kan wannan muke kwana.

Ranka ya daɗe, muna da roƙo. Babu ƙasar da ta kai Najeriya noman rogo, kuma sitacinsa yana ba da saikulodestirin. Na'urar auna ƙyalli ba ta fi ƙarfin jami'a ba. A tanadar mana ita a sashen kimiyyar sinadarai, a haɗa mu da ɗalibanka, domin a gida muke son ci gaba da aikin nan.

Allah ya mayar da kai gida lafiya. Bisimilla, muna sauraronka.