Amsoshin Tambayoyinku: Mawaƙin Gambarar da Ya Bar Amurka Ya Dawo Riyadh

Assalamu alaikum jama'a masu saurare. Saƙonninku sun taru, lokaci kuma ba ya jira, to bismillah.

Wani matashi daga Shari'a Mansur a Makka ya ce: "Wai da gaske ne Tupac yana raye, ya ɓuya a Kyuba?" Haba ƙanena! Tupac, mawaƙin gambarar nan na Amurka, an harbe shi a Las Vegas ranar 7 ga Satumba 1996, ya cika bayan kwana shida yana da shekara 25. Ka rage zama wajen masu shayi.

Daga Madina an tambayi me ya sa yaran ƙungiyar waƙar Tupac suke da sunayen shugabanni. Shi ya laƙa musu sunayen mutanen da Amurka ba ta ga-maciji da su, irin su Gaddafi da Kastro da Idi Amin, ƙungiyar kuma ana ce mata Outlawz.

To ga wadda ta fi taɓa ni, kuma iyaye da dama sun aiko da irinta. Wata Hajiya daga Jidda, ba ta kama sunan yaron ba, da alama ɗan fari ne. Ta ce: "Yaron nan kullum abu na toshe a kunnensa, yana bin waƙar gambarar Amurka. Na yi faɗa har na gaji. Ya ce mini ai wani abokin Tupac ma yana zaune a ƙasar nan. Gaskiya ne? Kuma ya zan yi da shi?"

Hajiya, yaronki bai yi ƙarya ba. Sunan mutumin Mutah Beale, a waƙa ana kiransa Napoleon, an haife shi a Newark ta jihar New Jersey a 1977. Iyayensa Musulmi ne. Yana ɗan shekara uku aka shiga gidansu aka harbe uwa da uba a gabansa. Ki sake ji, Hajiya: shekara uku, a gaban idonsa. Kakarsa ce ta riƙe shi. Abokinsa na ƙuruciya, wanda ake ce wa Kadafi, shi ya haɗa shi da Tupac tun bai kai shekara ashirin ba.

Muna tare da baƙonmu, malamin makaranta da ya yi zama a Amurka. Malam, me ya biyo baya?

"To, wato abin da mutane ba su gane ba, a shekarun nan akwai gaba mai zafi tsakanin mawaƙan gabas, na New York, da na yamma, na Los Angeles. Kamfanonin faifai kuma suna cin riba da wannan gaba. Ni da na zauna can, unguwannin baƙaƙen fata na ga yadda hodar iblis ta cinye gidaje, uba a kurkuku, uwa tana aiki biyu. Ga sanyi, sanyin can ba irin na Ta'if ba ne..."

Malam, a gafarce ni, sanyin mu bar shi sai wani jiƙon. Bari in ƙarasa wa Hajiya.

Wata biyu kacal bayan mutuwar Tupac, a Nuwamban 1996, aka harbe Kadafi shi ma, kuma harsashin daga hannun wani daga cikin dangin Mutah na jini ya fito. Yaro bai cika ashirin ba ya rasa iyaye, ya rasa maigida, ya rasa amini. Kuɗi na shigowa, ga motoci, ga suna, amma giya ta zame masa abin kwana da tashi, ba ya fita sai da bindiga. Shi da bakinsa ya ba da labarin ranar da ya bugu yana dukan ƙanensa a ɗakin ɗaukar waƙa, wani Musulmi da ke wurin ya shiga tsakani. Bai zage shi ba, bai kira shi ɗan wuta ba. Ya yi masa magana a hankali, ya gayyace shi masallaci. Da ya tashi zuwa ma da bindigarsa ya je. A 2001 ya rungumi addini da gaske, daga baya ya ajiye waƙa, ya yi aikin Hajji, ya dawo ƙasar nan da zama, ya buɗe shagon gahawa a Riyadh.

Ni a nawa ganin, Hajiya, kuma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, faɗan ya isa haka. Yaron da ya haddace tarihin wani mutum tun daga New Jersey har Riyadh, akwai abin da yake nema a ciki. Ki zaunar da shi bayan isha'i, ki zuba masa shayi, ki ce ya ba ki labarin Napoleon ɗin nan tun daga farko. Ki saurara, kada ki katse shi. Ki tambaye shi wane wuri ne ya fi taɓa masa zuciya. Yaranmu da aka haifa nan suna tsakanin Larabci da Hausa, wasu ga matsalar iƙama, wato takardar izinin zama, ga zaman banza, ba kowa ke tambayarsu me ke damunsu ba.

Kai kuma yaro, na san kana ji. In mahaifiyarka tana magana, ka cire abin nan daga kunnenka. Mutumin da kake kafa hujja da shi bai samu uwar da za ta yi masa faɗa ba.

Mai tambaya daga Rusaifa game da fina-finan Tupac, ka yi mana uzuri, an ɗaga mini hannu. Taka ce ta farko mako mai zuwa in Allah ya kai mu.