Maganar maganin Baba

Shugaba, ka yi mini afuwa. Na san ajanda ta ce in fara da rahoton walwala na wata uku, ga shi nan a hannuna kuma zan karanta. Amma akwai abin da ya tokare mini maƙogwaro yau mako uku ke nan, in ban fitar da shi ba, ba zan iya karanta komai ba.

Yawancinku kun ji mahaifin wata 'yar uwarmu ya kwanta asibiti, wasunku ma kun je dubiya, Allah ya saka da alheri. Iyalin sun yarda in ba da labarin, amma ban da suna. Abin da ba ku ji ba shi ne dalilin kwanciyar. Baba yana da ciwon sukari, ga mantuwa ta fara kama shi. Turancin da ya yi shekara da shekaru yana aiki da shi a ƙasar nan ta Ingila ya soma guje masa, Hausa kawai ta rage a bakinsa. Wani kamfanin kula da tsofaffi a gida ne ke turo masa ma'aikata sau uku a rana, saboda 'yarsa aikin dare take yi. Ran nan ma'aikaciyar safe ta ba shi ƙwayar sukarinsa, ta fita a gurguje ba ta sa hannu a takarda ba. Ta rana ta zo, baƙuwa ce, ranar ta fara taka gidan. Ta duba takarda, ta ga gurbin safe fayau, ta ɗauka an tsallake, ta sake ba shi. Kun san halin dattijanmu, in an miƙo musu abu cikin ladabi ba sa musu. Ya karɓa ya haɗiye. Da 'yar ta farka wajen la'asar, a ƙasa ta tsince shi, tsakanin gado da ƙofar banɗaki, jikinsa sharkaf da gumi, yana sambatu. Sukari ya faɗi warwas. Kwana tara ya yi a asibiti, kuma har yau bai koma tafiya da ƙafarsa yadda yake yi a da ba.

Na ga takardar da idona. Ita ce wadda suke kira MAR, inda ake jera kowane magani da lokacinsa, duk wanda ya bayar ya sa hannu. Gurbin safiyar ranar babu komai. Na juya baya, na ƙirga wasu guraben guda huɗu a wata ɗaya, su ma babu komai. Wato ba a ranar abin ya fara ba, a ranar ne dai ya fashe.

Me kamfanin ya yi? Waya ɗaya. Wai an samu "ɗan kuskure", suna yi wa Baba fatan samun sauƙi. Mu kuma me muka yi? Muka cika ɗakin asibiti muna cewa ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba. Har da wanda ya ja 'yar gefe ya ce ta bar maganar, kada a ce mun cika fitina. Wallahi ranar na koma gida ban runtsa ba. Ƙaddara gaskiya ce, ba wanda ya musa. Amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, mu kuwa mun saki raƙumin, ya tattake mu, muna ba shi haƙuri.

'Yan uwa, ƙasar nan da muke biyan haraji a cikinta ta tanadi hanyoyi, mu ne ba ma bi. Duk kamfanin da ke aikin kula da jikin mutum a gida a Ingila dole ya yi rajista da hukumar CQC mai sa ido a kan masu aikin lafiya da kula da jama'a, wadda ta fara aiki a 2009, kuma rahoton bincikenta a kan kamfanonin da ta duba yana nan a intanet, kowa na iya karantawa. Mu nawa ne a nan muka taɓa dubawa kafin mu buɗe wa baƙo ƙofar ɗakin iyayenmu? Dokokin 2014 da kamfanonin nan ke aiki a ƙarƙashinsu sun wajabta musu sarrafa magani cikin aminci, sun kuma wajabta musu faɗin gaskiya. In cutarwa ta kai wani mataki, tilas su sanar da mutum ko iyalinsa abin da ya faru, su nemi gafara, su kuma biyo da bayani a rubuce. A rubuce na ce. Iyalin Baba ko layi ɗaya ba su gani ba.

Haka kuma dokar kula da manya ta 2014, sashe na 42, ta ɗora wa ƙaramar hukuma alhakin bincike idan ana zargin an cutar da babban mutum mai buƙatar kulawa, ko an yi sakaci da shi. Ba sai kai ɗansa ne ba. Maƙwabci ma na iya kiran sashen kare manya na kansil, wato ƙaramar hukumar, ya kai rahoto. In ka kai ƙorafi kamfani suka yi ta yawo da hankalinka, akwai ofishin Ombudsman, wato mai sauraron koke a kan ƙananan hukumomi da kula da jama'a, kyauta ne, kuma yana sauraron ko da wanda ke biyan kuɗin kulawar daga aljihunsa. Sai dai galibi yana son ƙorafi ya iso cikin wata goma sha biyu, to kawaicin namu zai iya cinye mana lokacin. CQC kuwa, kada a yaudare ku, ba za ta zauna ta warware ƙorafinku ɗaya-ɗaya ba, amma ku gaya mata, don da irin waɗannan rahotanni take sanin ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

Kada wani ya ce abin a kan Baba kaɗai ya faɗa. A 2018 masana daga jami'o'in Shefil da Manchesta da Yok sun ƙiyasta cewa ana samun kuskuren magani miliyan 237 duk shekara a Ingila. Yawancinsu ba sa cutarwa, gaskiya ne, amma tsoho mai shan ƙwaya kala bakwai ko takwas ba shi da jikin da zai ɗauki kuskure. Maganin tsinka jini in an ninka, jini ne zai ɓalle. Maganin cutar karkarwa ta Fakinsin in an jinkirta shi, jiki ne zai sandare.

Yanzu ga wajen da maganar ta fi yi mini nauyi. Ina kallon fuskokinku, na san da yawanku wannan aikin kuke yi. Ina alfahari da ku, Allah ya sani. Ku ne kuke tsayuwa a tashar bas cikin duhun sanyi don ku je ku wanke iyayen wasu, naku iyayen suna can nesa, sai dai murya a waya. Ni ma tawa tsohuwar tana can, kullum da dare sai na tambayi kaina wa ya miƙa mata nata maganin, kuma daidai ya miƙa? Na san yadda ake jera muku gidaje ba a bar muku lokacin tafiya tsakani ba. Na san wanda bizarsa ke rataye a wuyan kamfani yana tsoron buɗe baki. Shi ya sa ni ba yarinyar da ta ba Baba ƙwaya sau biyu nake nema ba. Ina neman wanda ya turo ta gidan da ba ta sani ba, wanda ya ga takarda da gurabe har wata guda bai tanka ba. Amma ku ma ina roƙonku, don girman Allah: in kun ga gurbi babu sa hannu, kada ku yi zato, ku kira ofis. In kun yi kuskure, ku faɗa nan take, a kira layin shawarar lafiya 111, in abin ya yi tsanani layin gaggawa 999. Kuma akwai dokar 1998 mai kare ma'aikacin da ya fallasa ɓarna, kuna iya sanar da CQC ba tare da bayyana sunanku ba.

To, rahoto. Haihuwa biyu, rasuwa ɗaya, Allah ya jiƙan musulmi. Dubiya mun je sau shida. Kuɗin wata kuwa, ma'aji yana kallona, fiye da rabinmu ba mu biya ba, wasu tun bara, kun san kanku. Ɗakin taro an sabunta mana shi zuwa ƙarshen shekara. Sauran yana takarda, a karɓa wajen sakatare.

Wannan kuɗin watan da kuke ja da shi, da shi ne za mu nema wa iyalin Baba shawarar lauya in ta kama. Yanzu asusun ba zai iya ba, kuma kunya ta hana ni gaya musu.

Mun rubuta wa kamfanin muna neman kwafin takardun maganin Baba na wata uku da sakamakon bincikensu. Mun kai rahoto kansil, sun sa zama ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe. 'Yar Baba za ta taso daga aikin dare ne kai tsaye, ba zan bari ta shiga ɗakin nan ita kaɗai ba. Ina neman mutum biyu: ɗaya wanda ya san aikin jinya ko harhaɗa magani, ɗaya mai saurin rubutu da zai ɗauki duk abin da aka faɗa. Shugaba, ba zan zauna ba sai na ga hannu biyu a sama.