Laccar masu sabon bak: Tawa ko Yamai, in aljihu da zuciya sun saɓa

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamai, da ku ƙannena da kuka samu bak bana, wato jarrabawar shiga jami'a, barkanku da arziki. Na baya kuna ji na? To madalla.

Maganar da aka ce in yi ita ce ta yaro mai takarda biyu a hannu, guda ta jami'ar Djibo Hamani nan Tawa, guda ta Yamai, ko Abdou Moumouni ko wata makarantar kuɗi, ransa na can aljihun babansa na nan. Iyayenmu ba su san wanga ruɗani ba, don lokacinsu jami'ar gwamnati guda ce a ƙasar, ta Yamai wadda aka fara 1971, in ka samu bak sai ka ɗau jaka ka nufi Harobanda, ƙetaren kogi inda jami'ar take. Sai 2010 aka buɗe na Tawa, Maraɗi da Damagaram, 2014 aka ƙaro Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Zaɓi ya yi yawa, alhamdu lillahi, amma lissafi ya ƙara wuya.

Mu fara da kuɗɗi tunda shi ne ake jin kunyar faɗa. Yara da yawa kuɗin rajista kaɗai suke kwatantawa, su ce ai duka na gwamnati ne baba. Rajista ba ita ke karya gida ba. Abin da ke karya gida shi ne ɗaki, da cin yau da gobe, da fotokopi, da faba-faba ko taksi kullum, da zazzaɓin damina da zai kama ka ba inna kusa, da motar zuwa salla, kilomita wajen 550 ta Ƙwanni da Dogon Dutsi da Doso, zuwa da komowa. Kuma ba na shekara guda za ka lissafa ba, a tsarin LMD, wato lisansi, masta da doktora, lisansi shekara 3 ce, masta 2, to ka ninka da 3, sannan ka ƙara shekara guda ta ko-ta-kwana don ana maimaita aji, kuma yajin aiki na iya ja maka shekara. Bursi fa? Ku ajiye takardunku ANAB, hukumar ba da bursi, ku nemi ɗaki CROU, ofishin masauki da abincin ɗalibai, hakkinku ne ku nema, amma ba kowa ke samu ba kuma yana iya jinkiri, kar ka gina karatunka kan kuɗin da bai shigo hannu ba.

Kuma don Allah ku tambayi kanku wa zai biya. Mu nan Adar mun san amsar, ko buhunnan albasa ne, ko wanka da ya tahi bida Abijan yana tura jika goma ta Nita ƙarshen wata, shi ma da iyalinsa. Na sha ganin uwa ta kwance bakin zane tana ƙirga ƴan canjin ƙosai a gaban mai tura kuɗi, tana cewa a rubuta lambar da kyau yaron bai ci komai ba tun jiya. Wanga kuɗi yana da nauyi. Rannan da albasa ta faɗi kasuwa ko wan naka ya kwanta ciwo, karatun ya tsaya ke nan? In amsar eh ce, to ba ka da kuɗin Yamai tukuna, ko da ka iya biyan watan farko.

To amma kar iyaye su yi murna da wuri, su ce ka ji ko, zauna gida. Araha ma tana da tata tsada. Yarinyar da tun kwalej take son likita, lissafi da ilimin halittu na zaune mata, ka tura ta karatun shari'a don kawai shi ke kusa da gida, za ta zauna aji jikinta na nan hankalinta ba ya nan, shekara biyu ta bari, kuɗin da aka kashe ya tahi, bak ɗin ya tsufa. Araha ba ta ado, Hausawa sun faɗa. Tawa tana da shari'a, tattalin arziki da gudanarwa, ilimin koyarwa, noma, ga IUT, cibiyar koyon fasaha ta jami'ar. In abin da kake so likitanci ne ko injiniyan ma'adinai irin na makarantar EMIG ta Yamai, to babu kunya ka ce baba nan ba wurina ba ne.

Inda nake so ku tsaya da kyau shi ne kalmar nan da kuke yawan faɗa, can ta fi dacewa da ni. Me ya dace da kai, karatun ko garin? Ka faɗi darussa uku na shekarar farko a sashen da kake so. In ba ka iya ba, to Yamai kake so ba fakilte ba, kuma son birni ba laifi ba ne amma ba a sai da gona dominsa. Ka nemi ɗan shekara ta biyu a sashen, ba wanda ke sa hotuna Facebook bakin gadar Kennedy ba, ka tambaye shi ƙarfe nawa yake tashi don ya samu wurin zama a anfi, babban zauren lacca, yana jin malam daga inda yake zaune, su nawa ke kwana ɗakinsu, wa ya sama masa wurin istaj, wato koyon aiki. Akwai yaron da taro ke ƙara masa himma, akwai wanda in malam bai san sunansa ba sai ya ɓace, kai ka san kanka.

Ra'ayina, in sashen da kake so akwai shi nan akwai shi can, yi lisansinka nan kana cin tuwon gida, ka tara ƙarfi ka tahi masta, shekara 2 ta fi sauƙin ɗauka bisa 5. In babu shi nan, tahi, amma sai an zauna da baba da wanda zai biya an rubuta lissafin a takarda.

Alhaji na ga hannunka. Eh, kana tambayar yadda za a gane makarantar kuɗi ta ƙwarai da maganar masaukin ɗiyarka. Baba kafin ka ba da ko dala ka ce su nuna maka takardar izinin gwamnati, kuma ka tambaya ko CAMES, hukumar nan da ke Wagadugu mai tantance digirorin jami'o'in ƙasashen Afirka, ta amince da digirin sashen da ɗiyarka za ta shiga, sashen kansa ba sunan makarantar ba. Maganar masauki kuwa ka tahi da kanka ka ga gidan, ka gaisa da matar gidan, ka hau mota daga nan zuwa makarantar ka ga nisan da idonka.