Gadojin Sama na Miniyapolis: Birnin da Ya Ɗauke Masu Tafiya Daga Kan Titi

A watan Janairu, sanyi a birnin Miniyapolis da ke jihar Minesota ta ƙasar Amurka yakan sauka ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos ya yi kwanaki bai ɗaga ba, wani lokaci ma har ya kai digiri 25 ƙasa da sifili. Amma idan kuka ɗaga kai a tsakiyar birnin, za ku hangi mutane suna wucewa ta saman titi cikin wasu dogayen gadoji masu bangon gilashi, daga su sai 'yar riga mai sauƙi, wani riƙe da kofin gahawa, wata tana magana a waya, alhali dusar ƙanƙara na zuba a waje. Waɗannan su ne gadojin sama da suka haɗa hawa na biyu na wannan bene da hawa na biyu na wancan, ta yadda mutum zai ratsa rukunin gine-gine kusan 80, tafiyar kimanin kilomita 15, ba tare da ƙafarsa ta taɓa titi ba.

Sanyi yana cikin dalilan gina su, amma abin da ya fi tayar wa masu gine-gine hankali shi ne kasuwa. A shekarar 1956 aka buɗe Southdale a garin Edina da ke gefen birnin, katafaren rukunin shaguna mai rufi wanda ake daidaita ɗumi da sanyin cikinsa, ga kuma filin ajiye motoci kyauta. Masu sayayya suka fara ƙaurace wa tsakiyar gari, wasu manyan kamfanoni ma suka kwashe ofisoshinsu suka koma bayan gari. Wani ɗan kasuwar gidaje mai suna Leslie Park, tare da mai zanen gine-gine Edward Baker, suka ga cewa muddin ba a ba ma'aikaci irin wannan jin daɗin a cikin gari ba, to ba zai zauna ba. A 1962 aka buɗe gada ta farko daga ginin Northstar Center, aka ƙara ta biyu a shekarar da ta biyo baya. A farkon shekarun 1970 ne abin ya zama tsari sosai, lokacin da aka kammala IDS Center, bene mafi tsawo a jihar, wanda babban zaurensa mai rufin gilashi ya zama mahaɗar gadoji daga kusurwoyi huɗu.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Ma'aikaci zai ajiye motarsa a benen ajiye motoci, ya bar babbar rigar sanyinsa a kujerar baya, ya bi ta gadar farko ya faɗa cikin wani banki, ya ratsa gaban otal, ya wuce shagon aski da wurin sayar da abincin rana, har ya isa teburinsa. Ga tsoho mai tsoron santsin ƙanƙara, da mai keken guragu, da uwar da ke tura jaririnta, wannan rahama ce ta gaske, kuma bai kamata a raina ta ba. Birnin Kalgari na ƙasar Kanada ya bi irin wannan hanya tun daga 1970 da tsarin da ake kira Plus 15, saboda gadojin suna kimanin ƙafa 15 sama da titi, inda hukuma ta riƙa ba masu gini izinin ƙara yawan hawa idan suka yarda suka haɗa beninsu da tsarin.

To, ga inda gizo ke saƙar. Titi na kowa ne, ba a rufe shi da dare, ba a tambayar mutum abin da ya kawo shi. Gadojin Miniyapolis kuwa, mafi yawansu mallakar masu gine-ginen da suka haɗa ne, kuma kowane mai gini yana da ta cewa a kan lokacin buɗewa da rufewa. Abin ya yi kama da hanyar unguwa da aka bi da ita ta cikin zaurukan mutane: matuƙar mai gida ya ja ƙofarsa, hanya ta yanke. Wanda ya tashi aiki da daddare, ko wanda ya shigo gari ranar Lahadi, yakan yi tafiya mai nisa sannan ya tarar da ƙofa a kulle, ya koma neman matakalar da za ta sauke shi cikin sanyin da ya gudo wa. Baƙon da ke tsaye a kan titi yana ganin gada a saman kansa amma bai san ta inda ake hawa ba, domin sau da yawa sai ya shiga harabar wani ofis, ya wuce gaban mai gadi, kafin ya sami hanya. Wanda shigarsa ba ta yi kama da ta ma'aikacin ofis ba ya fi kowa jin nauyin idon mai gadin nan. A birnin Sent Pol, wanda ke maƙwabtaka da Miniyapolis, hukumar birni ce ke ƙayyade lokutan gadojin, kuma wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Akwai kuma asarar da titin kansa ya yi. Masu shago suna bin ƙafar jama'a ne, saboda haka da jama'a suka hau sama, shaguna suka bi su, aka bar hawa na ƙasa da dogayen bangaye da ƙofofin shigar motoci. Titin da babu mai wucewa a kansa yakan zama abin tsoro, tsoron kuma ya ƙara korar ragowar masu wucewa zuwa sama. Masana tsara birane irin su Jan Gehl na ƙasar Denmak sun daɗe suna sukar tsarin a kan haka, kuma a ganina suna da gaskiya, domin birnin da mutanen tsakiyarsa ba su da yawa ba zai iya raba su hawa biyu kowane hawa ya rayu ba.

Hong Kong ce ke nuna ɗaya gefen maganar. A can ma akwai gadoji da suka haɗa ofisoshi da shaguna da tashoshin jirgin ƙasa da bakin teku a unguwar Central, har da jerin matakalai masu tafiya da kansu da aka buɗe a 1993, masu tsawon kimanin mita 800 suna hawa gangaren dutse. Sai dai cunkoson jama'a ya kai yadda sama ta cika, ƙasa ma ta cika. Ranar Lahadi, dubban mata masu aikin gida, galibinsu 'yan ƙasar Filifins, sukan shimfiɗa kwalaye a kan wasu daga cikin gadojin, su zauna su ci abinci, su yi hira, su kira 'ya'yansu a gida, har yamma ta yi.

Wasu biranen Amurka sun sauya shawara. Sinsinati, wadda ta fara gina nata gadojin a farkon shekarun 1970, ta shiga rushe sassansu tun daga shekarun 2000 don ta dawo da mutane kan titi. Miniyapolis ba ta rushe nata ba, kuma da wuya ta yi, saboda darajar hayar gine-gine da yawa ta ta'allaƙa ne da su. Amma bayan annobar korona ta 2020, da ma'aikata da yawa suka koma aiki daga gida, shagunan hawa na biyu da dama sun rufe, wasu gine-ginen kuma suka rage lokutan da ƙofofinsu ke kasancewa a buɗe.