Yadda Ake Zana Leburori Cikin Dare

Ku nemi zanen nan mai suna Excavation at Night, wato haƙa cikin dare, ku dube shi da kyau. George Bellows, wani mai zane ɗan Amurka, shi ne ya yi shi a 1908, lokacin da ake haƙa harsashin tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a birnin New York na Amurka. Ƙaton rami ne ya cinye kusan duk fuskar zanen. Can sama fitilun lantarki sun haske bangon gidaje, can ƙasa kuma ga leburori 'yan mitsi-mitsi kusa da wutar da suka hura. Ba a ganin fuskar kowa, amma ana jin nauyin aikin.

Mai son yin irinsa da fentin mai, kada ya fara a kan farin ƙyalle. A shafe shi duka da ruwan ƙasa mai duhu, a tsinka fentin sosai, a bar shi kwana ɗaya ko biyu ya bushe.

Sai batun duhu, inda mafi yawan masu koyo ke tuntuɓe. Baƙin fenti tsantsa kashe zane yake, wurin ya zama kamar an huda ƙyallen. A haɗa shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa, kashi ɗaya-ɗaya. In ana son sanyin sararin sama a ƙara shuɗi, in gindin rami ne a ƙara ruwan ƙasa. Kuma kada fari ya kusanci inuwa, domin nan take za ta koma ruwan toka, daren ya dushe.

Kafin a zana mutum ko ɗaya, a tsayar da inda haske ke fitowa. Wutar itace ruwan goro ce, fitilar lantarki kuwa fara ce mai ɗan ratsin shuɗi. Haske yana raguwa da sauri: lebura da ke taku huɗu daga wuta, rubu'in hasken wanda ke taku biyu kawai yake samu. Shi ya sa na nesa kafaɗarsa da bakin shebur ɗinsa kaɗai za a taɓa da burushi, sauran jikin a bar wa duhu. Lanƙwasar bayansa ita za ta nuna haƙa yake ko ɗauka.

Hoton waya yana yaudara a nan, don yana haskaka inuwar da ido bai gani ba. Gara a je wurin da leburori ke aiki da dare a zayyana da gawayi.

Fenti mai kauri na wurin haske ne kawai, inuwa siririya ake sa ta. Kowane shafi na sama ya fi na ƙasa mai, in ba haka ba saman zai riga ƙasan bushewa ya tsattsage. Man sheƙi na ƙarshe kuwa sai bayan aƙalla wata 6.