Rumbun Mai Tsara Shafi: Yadda Ake Adana Kayan Zane a Sake Amfani da Su

An gabatar da wannan lacca a Bauchi, a zaman masu shagunan buga takardu da matasa masu koyon tsara shafi. An ɗauke ta a waya, aka rubuta ta da ɗan gyara.

Assalamu alaikum. Iyayenmu masu injin, 'yan'uwa masu zama gaban kwamfuta, barkanmu da warhaka.

Bari in fara da abin da ake yi kullum a shagunanmu, daga Wunti har Yelwa. Mutum ya zo yana son katin ɗaurin aure. Sai a buɗe katin da aka yi wa wani makon jiya, a goge suna, a sa sabo. Aiki ya yi sauri, ba musu. Amma ta wannan hanya ce sunan tsohuwar amarya ke maƙalewa a bayan kati, ko lambar wayar wani ta fito a rasit ɗin wani, kuma ba a lura sai an buga kwafi 500. Manhajojin tsara shafi sun tanadi maganin wannan, suna kiransa laburare. Ni rumbu zan riƙa ce masa, don aikinsa ke nan: ka zuba tsaba, ka ɗebo ranar buƙata.

Rumbu fayil ne mai zaman kansa, ba ya cikin aikin kowane kwastoma. Abin da ke maimaituwa ake zubawa: tambarin makaranta, kan wasiƙa, adon gefen kati, Bismillah da aka tsara da kyau, teburin sakamakon jarrabawa wanda ba a cike ba.

A InDesign, manhajar tsara shafi ta kamfanin Adobe, ka shiga File, ka zaɓi New, sannan Library. Idan ya tambaye ka ko na Creative Cloud, wato rumbun Adobe na intanet, kake so, ka ce a'a, domin wancan yana neman intanet kafin ya daidaita kayansa, mu kuwa mun san halin data. Zai ba ka fayil mai ƙarewa da .indl, wata 'yar taga ta buɗe. Ka zaɓi abin da za ka adana, in guntaye ne da yawa ka haɗe su da Ctrl da G, ka ja su cikin tagar. Nan take ka danna shi sau biyu ka raɗa masa suna. Kada ka ce sai anjima. Rumbu mai kaya 80 marasa suna buhun tarkace ne. Suna ya faɗi abin da girmansa, misali "adon-kati-A5-kore".

Wajen ɗebowa hanya biyu ce. In ka ja abu da linzami, inda ka sake shi nan zai zauna. In ka zaɓi Place Item(s) daga jerin tagar, zai koma daidai wurin da yake a shafin da aka ɗauko shi. Don haka kan wasiƙa da layin adireshi, ta hanya ta biyu ake saka su, shafi ya yi daidai da ɗan'uwansa ba tare da awo ba.

Yanzu ku ba ni hankalinku, don nan ne gizo ke saƙar. Rumbu ba ya haɗiye hoton da ka saka masa. Abin da yake riƙewa shi ne siffar hoton, da girmansa, da hanyar da za a bi a same shi a kwamfuta. Kwatancen gida ya riƙe, ba gidan ba. Kwastoma ya kawo tambari a filashi, an jawo shi kai tsaye daga filashin, an zuba a rumbu, ya karɓi abinsa ya tafi. Bayan wata biyu a ɗebo tambarin, a allo ga shi nan kamar lafiya lau, amma a tagar Links, mai nuna hotunan da ke cikin aikin, akwai jar alama. In aka yi biris da ita aka buga, tambarin zai fito dishi-dishi, gefensa kamar haƙoran zarto, domin ƙaramin hoton nuni ne ya tafi injin. Ko filashinka ne, yau kwamfuta ta kira shi E, gobe ta kira shi F, hanya ta ɓata.

Gyaran ba wuya. Ka buɗe folda guda a cikin kwamfutar, ka sa mata suna Rumbu. A cikinta folda uku: ta hotuna, ta font (wato salon haruffa), ta fayilolin rumbun kansu. Duk hoton da zai shiga rumbu, a fara kwafe shi zuwa foldar hotuna, daga can a jawo shi shafi, daga shafi zuwa rumbu. Daga ranar ba canja suna, ba matsarwa.

Font ma haka yake, rumbu sunansa kawai yake riƙewa. In babu shi a kwamfutar, InDesign zai shafa wa rubutun ruwan hoda ya musanya da wani. Mu masu Hausa abin ya fi shafarmu, saboda ɓ da ɗ da ƙ. Font na ado da yawa ba su da su, sai ka ga "ɗaurin aure" ya fito da akwati a gaba, ko harafi ɗaya ya bambanta da sauran. Kafin ka adana rubutun Hausa, ka rubuta "ɓarawo, ɗaki, ƙofa" da manyan baƙaƙe da ƙanana ka gani. Charis SIL da Andika da Noto Sans duk suna da su, kuma kyauta ne.

Akwai wani tarko da ke rikita har ƙwararru. Ka adana kanun labari da salon sakin layi mai suna "Kanu", girma 24. Ka ɗebo shi cikin mujallar da ita ma ke da "Kanu", amma girma 14. Na mujallar ne zai yi rinjaye, kanunka ya tsuke. Ba lalacewa rumbun ya yi ba, suna ne ya zo ɗaya. Ku riƙa sa wa salon rumbu alama a gaba, kamar "R-Kanu".

Na san yawancinku CorelDRAW ne a hannunku. Can ana kiran abin Symbol, tagarsa na buɗewa da Ctrl da F3, rumbunsa kuma .csl ne. Yana da wata falala: in ka sa tambari sau 40 a takardar sitika, ka gyara uwar, duka 40 za su gyaru, fayil ɗin kuma ba zai yi nauyi ba. A InDesign ba haka ba ne, abin da ka ɗebo ya zama kwafi, gyaran rumbu ba ya bin shi. A CorelDRAW, tambari mai rubutu, ka mayar da rubutun zane da Ctrl da Q kafin ka adana, ka huta da neman font, amma ka ajiye kwafin da ake iya gyarawa a gefe. Manhajar Scribus, wadda kyauta ce, rumbunta Scrapbook ne. Masu Publisher kuwa su fara kwashe kayansu, don Microsoft ta sanar da Oktoba 2026 a matsayin ƙarshen tallafinta gare shi.

Abin da ya shiga rumbu da aibi, da aibinsa zai riƙa fita a kowane aiki, shi ya sa ake tankaɗe tun a bakin ƙofa. Launi ya zama CMYK, wato tsarin tawada huɗu na injin bugu, in injin buga littattafai za a kai. Hoto ya kai ɗigo 300 a inci a girman da za a buga shi: tambari mai faɗin santimita 5 yana buƙatar wajen fiksel 590. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, ku roƙi a turo shi a matsayin takarda, wato Document. Adon da ya kai bakin kati ya zarce da milimita 3, don wuƙar yanka ba ta faɗa wuri guda kullum.

Daga nan wani dattijo mai shago ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kwamfuta uku gare ni, yara uku. Rumbu ɗaya zai ishe su?"

Mai lacca ya ce, "Baba, fayil ɗin .indl mutum ɗaya ke aiki da shi a lokaci guda. Ka ɗauki kwamfuta ɗaya ta zama uwa, yaro ɗaya kaɗai ke da izinin ƙarawa ko cirewa. Duk ranar Alhamis a kwafe foldar Rumbu ɗungurungum zuwa sauran biyun, a ajiye ta a wuri iri ɗaya, wato kai tsaye a kan C, domin in aka sa ta a Desktop hanyar za ta bi ta sunan mai kwamfutar, hotuna su ɓace. Kwafi na huɗu kuma ya tafi gida a filashi, kada ya kwana a shago."