Darasi: yadda za ka kwafe laftof ɗinka ɗungurungum da Clonezilla

To jama'a barkanmu da warhaka, yau kulonin za mu yi, wato mu ɗauke duk abin da ke cikin diskin laftof, Windows ɗin da manhajoji da saiti da komai da komai, mu juye a wani diski na waje. Na san wani zai ce ai ni ina kwafe foldojina a filas, eh hakan ma ba laifi, amma ranar da diskin ya mutu fayiloli kaɗai ka tsira da su, sai ka zauna ka sake ɗora Windows ka nemo direbobi ka bi manhajoji ɗaya bayan ɗaya, alhali mai kulon sabon diski kawai zai sa ya mayar, laftof ta tashi yadda ya bar ta.

Clonezilla za mu yi aiki da ita, kyauta ce, wata cibiyar kwamfuta ta Taiwan ce ta samar da ita. Da can mutane sun fi son Macrium Reflect na kyauta, to kamfanin ya daina sabunta shi tun farkon 2024. Ka sauke ISO ɗin Clonezilla, wato fayil ɗin da ke ɗauke da manhajar gaba ɗaya, ka ɗora a ƙaramin filas da Rufus, manhajar da ke mayar da filas abin da laftof za ta iya tashi da shi, 2GB ma ya isa, sai dai ka sani Rufus zai goge duk abin da ke filas ɗin.

Kafin ka kashe laftof akwai abu biyu. Fast Startup, saitin Windows na saurin tashi, ka kashe shi, don in yana kunne Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, rabin barci take yi, kuma bai kamata ka kwafi diski a wannan halin ba. Sai BitLocker, tsarin Windows na kulle diski, in diskinka a kulle yake Clonezilla ba za ta gane ina ne bayanai ina ne fili ba, sai ta kwashe komai har wurin da babu komai, aikin ya ja lokaci kwafin ya yi ƙato. Ko ka cire shi gaba ɗaya tukuna, ko ka haƙura da hakan, amma ko ma wanne ka zaɓa lambobi 48 na buɗe shi, wato recovery key, ka rubuta ka adana. Ka jona caja kuma, kar ka yarda da batir.

Yawwa, sa filas ka kunna ka riƙa danna F12 in Dell ce ko Lenovo, HP kuma F9, Asus yawanci Esc. Jerin abubuwan da laftof za ta iya tashi da su zai fito, ka zaɓi filas ɗin. Kun ga sikirin ɗin nan shuɗi kamar na zamanin da, kar ya ba ku tsoro, babu maus a nan, da kibod ake komai, galibi kibiyoyi da Enter. Harshe da kibod ka bar su yadda suke, Start Clonezilla.

To nan ku natsu. Ga device-image ga device-device. Na biyun diski zuwa diski ne kai tsaye, zai share diskin da ka nufa tas bai bar komai ba, kuma dole girmansa ya kai na asalin ko ya fi, wannan na wanda zai canza zuwa sabon SSD ne. Don ajiya ni device-image nake ba da shawara, folda ɗaya kawai zai ƙirƙira a diskin wajen bai taɓa sauran kayanka ba, kuma kana iya tara na watanni daban-daban. Danna shi, sai local_dev, yanzu ne za ka jona diskin wajen, ɗan jira ya bayyana a jerin sai ka danna Ctrl da C.

Ku dubi sunayen nan da kyau, babu C babu D irin na Windows. Wannan nvme0n1 shi ne na cikin laftof ɗin, sda da sdb kuma filas da diskin waje, amma a wata laftof ɗin sda ne na cikin, shi ya sa kar ka haddace sunan da ka gani a bidiyon nan, girman za ka duba da sunan kamfanin da ke rubuce a gefe. Tambayar farko inda za a ajiye ne, diskin waje kenan. Sai Beginner, sai savedisk, sunan da ta ba ka akwai kwanan wata a ciki ka bar shi, sannan ta tambayi wanda za a kwafa, na cikin laftof. In ta ce a duba kwafin bayan an gama ko zai mayu, ka ce eh don Allah, mutane na tsallake wannan saboda gaggawa kuma shi ne zai nuna maka ko abin da ka ajiye yana da amfani. Rubuta y, Enter, ka ƙyale ta.

Wurin da ke da bayanai kaɗai take ɗauka ta kuma matse shi, don haka diski mai 512GB da aka ci 120GB kwafinsa ba zai ma kai 120 ɗin ba galibi. Ranar mayarwa hanyar ɗaya ce sai dai restoredisk za ka zaɓa, kuma sau biyu za ta tambaye ka ko ka tabbata, don a nan kam goge diskin da za a mayar wa za ta yi, ka sake karanta sunan diskin kafin ka sa y. Abin da ba ta iya ba shi ne ka buɗe kwafin ka zaro fayil ɗaya, in kana son haka ko kana son mai maus akwai Rescuezilla, tana karanta kwafin Clonezilla. Kuma kwafin yau na yau ne, abin da ka rubuta gobe ba ya ciki, foldojin aiki ka ci gaba da kwafe su daban.

Ga shi ta gama, zaɓi poweroff, zare filas, kunna Windows ka leƙa diskin wajen ka ga foldar tana nan, in ka cire BitLocker ɗazu ka mayar da shi.